Jan Biro Yana Jiran Shafi

Yayan mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba kurakurai a wata maɗaba'a, kuma har ya yi ritaya ba mai kiransa da komai sai Jan Biro. Mu a gida Baffa muke cewa. Mutum ne da idan ka rubuta masa wasiƙa zai ba ka amsa mai daɗi, sannan ya maido maka taka duk ja a gefe. Takardata ta neman aikin jinya sau huɗu ya sa na sake ta. Na yi kuka, shi ko a jikinsa.

Teburinsa a maɗaba'ar yana bayan wani bangon katako mai 'yar taga. Ta nan mai jera haruffa yake miƙo masa shafi, ya duba, ya sa hannu, ya mayar. Mai jerawar amininsa ne, wani dogo mai rawar hannu da ake kira Tsallake saboda yawan tsallake layi. Dokar Baffa ɗaya ce: mai duba ba ya karanta abin da ba a miƙo masa ba. Ko da rubutun asali na ajiye a gabansa ba ya leƙa gaba, wai ido in ya san abin da ke zuwa sai ya daina gani.

Wata shekara aka buga jadawalin jarrabawa kwafi dubbai da kwanan wata ba daidai ba. Tsallake ne ya jera, amma Baffa ne ya duba ya sa hannu. Da manaja ya tara su, Baffa ya ja bakinsa ya yi shiru, aka sallami Tsallake. Ya ƙare rayuwar aikinsa a wani ɗan shago yana buga katunan gayyata. Zumuncinsu bai yanke ba, suna ziyartar juna, suna tsokanar juna, amma shekara goma sha tara maganar ba ta taɓa fitowa daga bakin kowannensu ba. Duk gidanmu mun san Baffa yana son ya nemi gafara. Kullum sai ya ce wa matarsa yana jiran lokacin da ya dace.

Da tsufa ya zo, idon Baffa ya yi rauni, ƙafafun Tsallake kuma suka ƙi, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a ɗaya ƙarshen gari. Ni na samo musu na'urorin karatu guda biyu, na hannu, irin masu allo kamar takarda. Manhajar da suka zo da ita Baffa ya yi mata kallo ɗaya ya ce wanda ya tsara shafinta bai taɓa shiga maɗaba'a ba. Sai na sa musu wata ta kyauta, wadda 'yan sa kai suke haɗawa, kowa yana iya buɗe cikinta ya gyara. Nan fa aka zo wurin. Baffa ya yi kwana uku yana auna faɗin gefe da tazarar layi, ya ƙara wa haruffa kauri, ya gano yadda ake ja wa kalma layi a rubuta gyara a gefe. Littafin da ya fara karantawa sai da ya fitar masa da kuskure tamanin da shida.

Manhajar tana da wani tsari na tuna inda mutum ya tsaya, don in ya koma wata na'urar ya ɗora daga nan. Ni da ƙiwuya, maimakon in buɗe wa kowa nasa asusun, sai na sa musu suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, na zuba musu littattafai iri ɗaya. Washegari Baffa ya kira ni a waya.

"Uwata, wannan abin naki yana mini magana. Wai ɗaya na'urar ta kai shafi na arba'in, ko in je can?"

"Kuskurena ne, Baffa. Na abokinka ne. Gobe zan zo in raba ku."

Ya ce, "Bar shi haka."

Haka suka koma aikinsu na da ba tare da sun yi shawara ba. Tsallake ya karanta da sassafe. Baffa, bayan ya karya, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya ga inda abokinsa ya kai, ya danna a'a, ya bi shi da kansa shafi bayan shafi har wurin, ya rufe. Bai taɓa wuce shi da layi ɗaya ba. Suka yi shekara biyu a haka, littafi goma sha huɗu.

Suna cikin na goma sha biyar, wani tsohon littafin tafiye-tafiye mai shafi ɗari huɗu da goma, Tsallake ya rasu, suna shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Baffa ya je gaisuwa, ya dawo, ya sa na'urar a aljihun tebur. Bai nemi gafarar ba.

Kwana tara bayan haka na biya in auna masa hawan jini. Na tarar da shi a bakin taga, rana ta cika ɗakin, yana karatu.

"Ya kai ɗari biyu da ashirin," ya ce, bai ɗago ba. "Ya rage sauri."

Na karɓa na duba. Saƙon na nan, da kwanan watan ranar. Na ce 'yar marigayin ce take karantawa, ko ta ba wani. Baffa ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Na je gidan 'yar. Ta buɗe mini durowar mahaifinta ta ɗauko na'urar daga ƙarƙashin hulunansa. Tun ranar da ya faɗi gilashinta ya tsage, kuma ba wanda ya sa mata caji. Na danna, ba ta motsa ba. Irin wannan allon yana riƙe shafin ƙarshe ko da batir ya mutu, kuma shafin na nan raɗau a ƙarƙashin tsagewar: ɗari biyu da goma sha biyu. Na gode mata na fito.

Na rubuta wa masu manhajar a dandalinsu. Mutanen kirki ne, ba a yi awa biyu ba wani ya amsa, ya ce in turo bayanan da na'urar ke ajiyewa. Ya duba ya ce saƙon daga waccan na'urar yake zuwa, lambarta ce, kowace safiya kusan ƙarfe shida da rabi. Na ce masa a mace take cikin durowa. Ya ce lallai akwai wanda yake kunna ta. Wani ya ce wataƙila tsohon saƙo ne ya maƙale. Na tambaye shi yadda tsohon saƙo yake ƙaruwa da shafi bakwai kullum. 

Baffa kuwa sai ya murmure. Yana cin abinci, yana aske gemu, yana wa matarsa ba'a. Wata rana ina naɗe abin awo ya ce, "Kin san mutum ba ya miƙa wa wanda yake fushi da shi aiki." Ya shafa allon. "In muka kai ƙarshe zan gaya masa. A shafin ƙarshe ake sa hannu."

Wannan maganar ce ta tsorata ni. Na yi shekaru ina jinyar tsofaffi, na ga yadda suke yanka wa kansu rana kuma su cika alkawari. Na lissafa shafukan da suka rage, na ga saura kwana biyu. Ban shawarci kowa ba. Ya shiga wanka, na ɗauki na'urar, na canza kalmar sirri don kada saƙon ɗaya na'urar ya ƙara shigowa, na ajiye ta yadda na same ta. Suna shafi na ɗari uku da casa'in da tara.

Kwana shida na daure. Matarsa ta kira ni ta ce ya daina taɓa abinci, tun safe yana bakin taga har rana ta juya. Da na je ya dube ni da idanun da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ya tsaya, uwata. Ya ji zan yi maganar, ya tsaya."

Na durƙusa na gaya masa abin da na yi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo mini na'urar ya ce, "Mayar." Na mayar da tsohuwar kalmar a gabansa. Muka jira. Washegari ma na zo tun ƙarfe shida muka jira.

Yau wata bakwai ke nan. Na sake rubuta wa masu manhajar, sun duba sun ce komai yana aiki daidai, ɗaya na'urar ce ba ta aiko da komai ba. Na roƙi Baffa ya karanta sauran da kansa, shafi goma sha ɗaya ne kacal, ko ni in karanta masa. Ya ce ba a miƙo ba.

Kullum kafin in wuce asibiti nakan biya. Yana zaune a bakin taga cikin wankakkiyar riga, na'urar a cinyarsa da cikakken caji. Idonsa ya ƙara lalacewa, yanzu ba ya iya ganin ƙananan rubutun saƙo, don haka ni yake miƙa wa.

"Duba mini, uwata. Ya aiko?"

Ni ce nake dubawa, kuma ni ce nake ce masa a'a.