Tsamiyar da ta rage daga baƙin Yaya Sani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani, wanda ya koyar da aikin gona a wata sakandare a Birnin Kudu. Shi ne ya riƙe shirin musayar ɗalibai tsakanin makarantarsu da wata a Turai. Yanzu ni nake zaune a kujerarsa a kwamitin, kuma a bana aka kawo maganar rufe shirin.

Baƙin kan zo a watan Maris, su goma sha wani abu, su yi mako biyu. Kafin su tafi kowa ya dasa itace, wai don ya biya hayaƙin jirgin da ya kawo shi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙauyenmu Kiyako ya san ba a dashe da bazara. Amma a wurinmu ba a gyara wa baƙo, don haka sai mu haƙa ramin, mu yi tafi, a ɗauki hoto. Kafin ruwan farko rana ta ƙone rabi, awaki sun cinye sauran.

Karamcinmu ma bai taimaka ba. Janareta na ta ruri saboda su, ruwan roba katan-katan, motoci a jere zuwa Gwaram don su ga gonaki.

Yaya ya gaji da wannan. Ya ce a turo ɗalibai biyu kacal, su zauna a gidajenmu damina guda, namu ma su je su daɗe. Tafiya kaɗan, zama mai tsawo. Alhaji Bala, shugaban kwamitin, ya dube shi ya ce, "Malam, so kake a ce mun ba Bature ruwan randa? Da wane ido za mu kalli mutane?"

"Sai a tafasa, Alhaji," in ji Yaya.

Aka yi dariya, aka wuce maganar. Sau ɗaya kawai ya samu yadda yake so: wani ɗalibi ya nemi ya zauna har kaka, Yaya ya sauke shi a gidanmu. Inna ta raɗa masa suna Ɗan Damina. Ɗalibin ya dasa tsamiya a gidanmu bayan ruwa ya zauna, ya kewaye ta da ƙaya da hannunsa.

Bana makarantar can ta ce ba za ta ƙara ɗora ayari a jirgi don mako biyu ba. Ko a koma ganawa ta bidiyo, ko a rufe. Na san yadda wuta da sabis suke a makarantarmu, bidiyon ma rufewa ce. Sai na maimaita shawarar Yaya kalma da kalma. Aka amince nan take, domin man janareta ya fi ƙarfin kwamitin. Babu wanda ya ambaci sunansa.

Me zai ce da yana nan? Ba na jin zai yi murna. Ina jin zai tambaya ne ko an samu gidajen da za su sauke ɗaliban, kuma wa zai tafasa ruwan.

Ban san ko ɗalibai biyu za su sauya wani abu a sararin sama ba. Abin da na sani, cikin duk itatuwan da muka yi wa tafi, babu ɗaya a tsaye. Tsamiyar nan kuwa ta wuce katangarmu tsawo, kuma a ƙarƙashinta Inna ta ce a shimfiɗa wa baƙin tabarma.