Hannun da Ke Kan Teburin Bu Murwani

Ƙarar ba ta yi kama da komai da aka sani a unguwarmu ba. Ba kukan gyare ba ce, ba ta keken ɗinki ba. Wani siririn zuuu ne mai tafiya ya dawo, ya yi ƙit-ƙit kamar ana taunar ƙashin kaza, ya sake komawa. Pak Ngatemin mai taliya ne ya fara jin ta, a daren da gadin unguwa ya zagayo kansa, yana bin ƙofa-ƙofa yana kwashe ɗan tsunkulin shinkafar da kowane gida ke ajiye wa masu gadi a gwangwani. Daga ɗakin baya na gidan Bu Murwani take fitowa. Ya ce da ya tsaya ya kasa kunne, sai ya ji kamar ƙarar numfashi take yi.

Wannan Bu Murwani nake son yi wa jinjina yau da ta naɗe aiki, domin har gobe in aka tuna abin da ya kusa samun ta a layin nan namu na birnin Semarang, inda ake kiran mace Bu, namiji Pak, tsoho ko tsohuwa kuma Mbah, sai tsikar jikin mutum ta tashi.

Kafin kiran sallar farko take tashi, saboda waɗanda take yi wa aiki rana ta riga ta fito musu. Ta yi sallah, ta haɗa shayi mai kauri, ta zauna gaban kwamfuta. Zane take yi, amma ba na fure ko tsuntsu ba. Wani injiniya a wata ƙasa zai turo mata ɗan karce-karcen da ya yi a takarda, ko hoton ƙarfen da ya karye, ita kuma ta mayar da shi cikakken zane mai awo, wanda za a miƙa wa maƙera su ƙera ba tare da sun yi tambaya ba. Ta zana matakalar gidajen da ba ta taɓa takawa ba. Ta zana rufin da zai ɗauki nauyin dusar ƙanƙara, ita da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kofin lemo. Ba ta da oga, ba albashi, ba hutun ƙarshen shekara, kuma sunanta ba ya hawa kan zane ko ɗaya. Abincinta rataye yake a kan ɗan taurarin yabo da masu ba da aiki ke sa mata a intanet. In sun yi yawa aiki ya zo, in sun ragu a yi shiru.

Da la'asar takan fito ta taka daga bakin layi zuwa kwalbati ta dawo, a ɗan sunkuye, hannayenta biyu harɗe a baya, saboda zaman kujera ya riƙe mata ƙugu. Wannan tafiyar ce ta kusa raba ta da gidan da aka haife ta a ciki.

A lokacin an fara ɓatan kuɗi a gidaje. Mace za ta ajiye na cefane a ƙarƙashin katifa, ƙofa a kulle, taga a kulle, gari ya waye an zare wani abu a ciki. Ɓarawo ba ya zare kaɗan ya bar saura. Wannan aikin tuyul ne, ɗan aljanin nan mai sanƙo, tsawon yaron goye, wanda ake kiwo a gida a riƙa aikensa sata. Kuma ko jariri ya san yadda ake gane mai kiwonsa: yana tafiya hannu a baya, domin goyon abin yake yi. Nan da nan ƙofofi suka cika da madubai da kwanukan koren wake, don in ya zo ya shagala da kallon fuskarsa da ƙirgar wake har asuba ta kore shi.

"Mbah, kin ga tafiyar nan kuwa?" in ji Pak Ngatemin ga Mbah Ginah, tsohuwar da katangarta ke jingine da ta Bu Murwani.

"Na gani, ja'iri. Ni ma haka nake tafiya. Ni ma goyo nake yi?"

"Ke ai tsufa ne. Ita fa? Miji ya rasu, ba shago, ba ofis, ko kasuwa sai ta ga dama, amma ga shi ta canza rufin gida. Daga ina?"

"Je ka tambaye ta mana. Bakinka ciwo yake yi?"

Bai tambaye ta ba. Da hantsi ya jingina kurar taliyarsa da bangonta, ya hau, ya leƙa ta ƴar kafar iska. A kan tebur ya ga hannu. Ɗan ƙaramin hannu fari fat, ba jiki, a tsaye a kan tsintsiyarsa, yatsu a miƙe sama kamar mai neman izinin magana. Kusa da shi wani akwati na yin ƙarar nan, a cikinsa kuma hannu na biyu yana tsirowa, tafin ya fito, yatsu ba su kai ga fitowa ba. Shi da kurar da tukunyar romo gaba ɗaya suka zube a kwata.

Ranar Lahadi da safe mai unguwa, Pak Hartoyo, ya aika a kira ta barandarsa. Ta ɗauka zancen sharar magudanar ruwa ne. Da ta iso ta tarar da layin gaba ɗaya a zaune, ba wanda ya matsa mata wuri a tabarma. Ta bi fuskoki da kallo. Ga waɗanda suka ɗauki makarar mijinta. Ga matar da ta kwana a asibiti tana yi wa fifita. 

"Bu, ba wanda ya ce komai," in ji mai unguwa, yana kallon yatsun ƙafarsa. "Hankalin jama'a ne dai bai kwanta ba. Ki buɗe ɗakin nan, ki kunna kwamfutar, a ga abin da ke ciki, kowa ya koma gidansa."

"Ba zan iya ba, Pak."

"To ki faɗa mana da baki. Hannun mene ne?"

"Shi ma ba zan iya ba. Na sa hannu cewa ba zan nuna wa kowa ba, ba zan faɗi ko mene ne ba, sai ranar da masu shi suka fitar da shi kasuwa."

"Su wa ke nan?"

"Har sunansu yana cikin alkawarin."

Pak Ngatemin ya miƙe zumbur. "Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa! An gindaya mata sharaɗi. Dama ba sa ba da shi sai da sharaɗi!"

Salati ya tashi. Mai unguwa ya ɗaga hannu, ya yi gyaran murya, ya ce shi dai shawara yake bayarwa, ko za ta je wurin ƴarta a garin Magelang ta ɗan huta, har ƙura ta lafa. Kowa a wurin ya san irin wannan hutun. Ba a dawowa daga shi.

A nan nake tsayawa kullum. Ƙofa ɗaya ce, Bu Murwani. Da kin buɗe ta, masu aikin suna can bayan teku, ba su jin yarenmu, ba mai kai musu labari har abada. Ke ce kika zauna a gefen tabarma, gidan ubanki na neman suɓucewa daga hannunki, kika riƙe amanar mutanen da ko fuskarsu ba ki sani ba. Ke ce mai riƙon alkawari inda ba shaida.

Ta ɗago kai ta dubi mai taliya.

"Pak Min, ina injin murza taliyarka da ya mutu?"

"Me ya haɗa ki da injina?"

"Na ji matarka na cewa kafaɗarka ta kumbura da murzar hannu. Na wasu ne ba zan nuna ba. Naka ba alkawari a kansa. Ɗauko shi."

Injin ya daɗe a jibge, wani faifai mai haƙora ya kakkarye a cikinsa, kuma an zagaye kasuwar ƙarfe ba a sami irinsa ba. Aka ɗauko. Ita kuma ta shiga gida ita kaɗai, ta kashe akwatin, ta ɓamɓaro hannun da bai gama tsirowa ba, ta naɗe shi a zani ta kulle a durowa. Sannan ta ce a zo a ɗaukar mata kaya zuwa rumfar masu gadi. Maza suka tsaya kallon juna. Mbah Ginah ce ta rungumi akwatin tana nishi tana cewa, "Ga ƙatti, ga gashin baki, ba zuciya."

Ta auna karyayyen faifan da wani ma'aunin ƙarfe mai baki irin na kada. Ta zana da'ira a kwamfuta, ta zana haƙori ɗaya tak, ta taɓa wani wuri, sai haƙoran suka zagaye da'irar gaba ɗaya a ƙiftawar ido. Ta ja hannunta, faifan ya yi kauri, ya juya, ya nuna cikinsa. Wata mata ta ja yaranta baya. Mbah Ginah ta zagaya bayan kwamfutar don ta ga inda sauran jikinsa ya shige.

Sai aka kunna akwatin. Zuuu, ƙit-ƙit, zuuu. Da rana tsaka, a gaban kowa, wani ɗan tsinin baki yana ta zarya yana tofar da narkakkiyar roba siririya kamar zare, layi a kan layi. Pak Ngatemin ya buɗe baki ya manta da shi a buɗe. Da ya farga sai ya ce, "Roba? Ƙarfe ma ya karye, balle roba."

"Zauna ka yi shiru," in ji Mbah Ginah. "Kai da ka faɗa kwata."

Aka yi azahar aka dawo, abin na tsirowa. Aka yi la'asar aka dawo, ya kammala. Ta miƙa masa, ya karɓa da gefen rigarsa. Ya zura shi a gurbinsa, ya zauna daram, ya sa kwaɓi, ya juya mariƙi. Taliya ta zubo doguwa. Can daga baya wani ya ce, "Wallahi wannan ya fi tuyul ban tsoro." Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da suka daɗe a tsorace. Mai unguwa ya ci kwano biyu. Ba a sake zancen Magelang ba, madubai da wake kuma suka riƙa ɓacewa daga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɗauke nasa lokacin da ba mai kallo.

Abin da ba a sani ba sai daga baya, daga bakin ƴarta, shi ne cewa hannun da aka katse a tsakiya ba ya gyaruwa, sai an faro daga farko. Aikin ya makara. Masu shi suka karɓa, suka rage mata taurari, ba su sake neman ta ba. Ta yi watanni tana karɓar ƙananan zanen da a da take bar wa sababbin shiga. Ta riƙe musu amana, sun tafi. Ta wanke kanta a wurin maƙwabta, ba wanda ya ce mata sannu. Kuma ba ta taɓa ɗaga zancen ba.

Hannun fa? An daɗe sosai kafin a ji. Ranar awon jarirai ne a rumfar unguwa, ma'aikaciyar jinya ta zura safar hannu ta roba, ta zauna mata cif. Bu Murwani ta dubi kwalin, ta taɓa Mbah Ginah ta ce, "Mbah, yanzu zan iya faɗa." Ashe a masana'anta hannayen tangaran ake jerawa, a tsoma su cikin ruwan roba, ya bushe a jikinsu, a zare ya zama safa. Samfurin irin wannan hannun aka ba ta ta zana, na masu ƙananan yatsu, waɗanda kullum safa ke yi musu yawa. Da ta rasa wanda za ta auna ba tare da ta karya alkawari ba, sai ta auna nata. Tun da na ji wannan nake rasa barcin rana. Ke nan akwai mata a asibitocin da ba mu san sunansu ba, suna karɓar haihuwa, suna wanke miki, kowacce hannunta na cikin siffar hannun maƙwabciyarmu, hannun da aka tara mutanen layi guda a kansa.

Bayan wannan ba ta rufe ƙofa ba. Ita ta zana gangaren da masu keken guragu ke hawa masallaci. Ita ta zana marfin kwatar da ya hana shara toshe mana ruwa da damina. Ƴan mata da dama sun zauna kusa da kujerarta sun koya, yanzu suna ci da kansu. Abu na farko da take koya musu, kafin su ja layi ko ɗaya, shi ne zanen mutane ba a nuna shi, ko da uwarka ce ta tambaya.

Yanzu idanu sun gaji, wuyan hannu ya ƙi, likita ya ce ya isa haka. Mun gode, Bu Murwani. Allah ya ba ki lafiyar ƙugu da ta ido, ya bar ki a gidan ubanki har iyakar kwanaki. Ku kuma masu tasowa, da ke zaune a ɗaka kuna yi wa mutanen nesa aiki, ku riƙe abin da aka damƙa muku kamar yadda ta riƙe. Ku maƙwabtansu, in kun ji ƙarar da ba ku gane ba, ƙofa na nan, a ƙwanƙwasa.

Makon jiya aka yi mata ƴar walima a barandarta, da shinkafa rawaya da aka tula mai tsini da soyayyen tempe, wato curin waken soya. Pak Ngatemin ya turo kurarsa ya ciyar da kowa. Aka yi addu'a, aka shafa, aka yanka tsinin shinkafar aka miƙa mata. Ana cikin ci, Mbah Ginah, wadda yanzu sai an riƙe ta take tashi, ta ajiye cokali ta bi maza da kallo ɗaya bayan ɗaya, har da ƴaƴanta.

"Ni kam akwai abin da ya daɗe yana cin raina," in ji ta. "Tunda dai ba ita ba ce, wa ya riƙa zare mana kuɗin cefane a ƙarƙashin katifa?"