Tatu Mbonde da Taɓon Gonar Ƙaninta

Gidan su Tatu Mbonde yana bayan namu, a nan inda kogin Rufiji yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Da ta gama makaranta sai ta samu aiki a ƙaramin asibitin garinmu, tana duba jinin masu zazzaɓi a madubin likita. Ta daɗe a kan kujerar nan har furfura ta fara leƙo mata.

Wata shekara masu bincike suka zo daga jami'a, suna kafa dogon bututu a cikin taɓo suna zaro shi cike da laka. Shugabarsu, Dakta Mwakalinga, ta roƙi a ba su ɗan wuri a asibitin saboda akwai lantarki. Tatu ta ga matar ta duƙufa a kan madubi, ta ce a ba ta ta leƙa.

"Waɗannan masu ƙaya kamar ƙarangiya fa?"

Dakta ta ce ƙwanson wasu ƙananan halittu ne da ke yawo a ruwan teku, ido ba ya ganinsu. Idan zama ya yi musu wuya sai su kulle kansu a ƙwanso su nutse. Laka ta binne su, ƙwanson kuwa ba ya saurin ruɓewa. Wasu ruwan gishiri sosai suke so, wasu sun fi son inda kogi ya gauraya da teku. Wanda ya iya bambance su zai iya faɗin irin ruwan da ya taɓa kwanciya a wuri.

Kafin baƙin su tafi, Tatu ta fara rarrabe su da kanta. Dakta ta gayyace ta Darussalam ta koyi aikin. Mutane suka ce mai 'ya'ya manya ba ta komawa ɗaliba. Ta ɗaure kayanta ta shiga kwale-kwale. A can ta koyi wanke laka da asid, da tace ta a rariya mai ƙananan ido, har aka ɗauke ta aiki.

Ta dawo hutu ta tarar ƙaninta Shomari ya tara bulo a gefen gonarsa ta shinkafa, zai yi gini.

"A nan?" in ji ta. "Bari in tambayi ƙasar tukuna."

Shomari ya yi dariya, ya kira ta Dada, yadda muke kiran yaya mace. "Dada, da jinin mutane kike dubawa, yanzu gonata ce ba ta da lafiya? Allura za ki yi mata?"

"Allura kuwa, mai tsayin mutum biyu. Zo ka danna, tunda cin shinkafa da kwakwa bai bar ka da wani aiki ba."

Suka danna bututun tare, ta tafi da lakar. Da ta sake zuwa, ta zo da madubi, ta ajiye shi a kan tabarma a tsakar gida. Ina wurin. Ta fara nuna wa Shomari lakar sama. Ya ce bai ga komai ba sai datti. Ta sa lakar da ke ƙasa da ita kaɗan. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Kamar an zubar da ƙarangiya."

"'Yan teku ne. Gonarka mashigar ruwan gishiri ce a da, kogi ne ya cike ta da laka. Kuma ka ga ba nisa suka yi ba, tsawon hannu ɗaya ne ƙasa da inda kake shuka. A ƙasansu akwai lakar kogi, a ƙasanta kuma su ne suka sake fitowa. Teku ya zo ya tafi, ya kuma dawo."

"To yaushe zai sake dawowa?"

"Wannan ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da na sani, ƙasar nan sabuwa ce, ba ta gama zama ba. Shinkafa ana girbe ta a tafi da ita. Gida ba a ɗauka a ka."

Shomari ya yi kwanaki yana gunaguni, yana cewa a wurin shan shayi yayarsa ta je birni ta dawo da duba. Amma ranar da magina suka zo, kan tudun yashi kusa da itatuwan kwakwa ya kai su, ya kuma kwashe bulon da kansa a amalanke. Gonar tana nan yana nomawa.

Daga nan maƙwabta suka fara zuwa. Tatu ba ta yi wa kowa alkawari. Wasu ta ce musu ƙasarsu tsohon tudu ne, su gina hankali kwance. Wani dattijo ta faɗa masa abin da bai so ji ba, ya yi fushi, ya gina a inda ya ga dama. Har yanzu suna gaisawa.

Yanzu ita ke koya wa sababbin ɗalibai wanke laka a jami'ar. Bana ta sa biyu daga cikinsu shiga taɓo har ƙugu a bakin mashigar kogi ta kudu, tana tsaye a kwale-kwale tana ce musu su miƙar da bututun, ya karkace.