Sunan Mai Ba Jirgi Ruwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ban yi karatun boko ba. Ni ke faɗa, Malam Sani akawun tasha yana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina sai ya ɗaga alƙalami ya jira.

Maigidana shi ne mai ba jirgi ruwa a Gagarawa Tasha. Jirgin gawayi ba ya tafiya sai ya sha, kamar raƙumin fatake. Shi ke cika tanki, shi ke jawo bututu. Yakan dawo gida jiƙe sharkaf, yana warin hayaƙi, ya ce mini, "Ladi, yau ma na shayar da babban baƙo." In ce, "To, baƙon naka ya taɓa yi maka godiya?" Sai ya yi dariya.

A lokacin ina cikin gida, jiniya kawai nake ji. Yanzu da tsufa ya ba ni izinin fita, bayan la'asar nakan zauna a bakin tafkin da damina ke cikawa kusa da layin dogo. Balbelu na sauka, ruwa ya kwanta luf. Can sai sabon jirgin nan mai shan mai ya taho, ba tari, ba tururi, yana jan taragun gyaɗa da shanun Maigatari, inuwarsa na tafiya a cikin ruwa. Yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ko kallon tankin ba ya yi.

Nakan ce, da Malam maigidana na nan me zai ce? Na san shi. Zai fara gunaguni, ya ce abin da ba ya jin ƙishirwa ba ya sanin mutunci. Kwana biyu kuma sai ya je yana shafa shi, yana tambayar direba inda ake zuba masa man. Bai iya riƙo ba.

Zamani riga ne, na sani. An ce za a kwance tankin. Ba mu haihu ba, abokan aikinsa kuma sun watse. Ranan na tambayi wani lebura wa ke ba jirgi ruwa a da, ya ce, "Wallahi Iya, wani tsoho ne."

Wani tsoho! Shi ya sa na zo wurin Malam Sani, ya rubuta a kai jarida.

Malam Sani ya ce jarida ba ta san "Malam" ba, sai da suna. Na ce ai ya sani, ya rubuta mana. Ya ce, "Ni baƙo ne, Iya, ban tarar da shi ba."

Shekara arba'in muna tare, bakina bai taɓa kama sunan nan ba, ko da wasa, ko da faɗa. Kunya ce, kuma da ita zan so a binne ni. Amma in na tafi da shi a bakina, wa zai ambace shi a addu'a?

Malam, ka yafe mini.

Rubuta, Malam Sani. Sunansa Garba. Duk wanda ya karanta, ya yi masa Fatiha.