Ƙidayar Ranar Kasuwa

A barandar ofishin ilimi a Minna, wani dogon mutum yana tsaye ƙyam, usur a wuya, takalma a goge. Irin tsayuwar da Fada ya koya mana a makarantar mishan ke nan. Ina jin malamin wasanni ne daga wajen Wushishi.

Za a haɗe makarantar ƙauyensu da wata a ƙetaren rafi, wai yara sun yi kaɗan.

"Ranka ya daɗe, ranar kasuwa kuka zo ƙidaya," yake ce wa akawu. "Kun rubuta maza tara. Da mutum tara muka ci kofin ƙwallo?"

Akawu ya ce oga ba ya nan.

"To, ina nan. Na riga na sallami mai babur."