Kawu Nicanor da Babbar Ganga

Ranar da Kawu Nicanor ya fara yi mini magana, faɗa ya yi mini. Ina wucewa ta ƙofar shagonsa da safe, kaina a sunkuye, zan tafi wurin matsar man zaitun inda na samu aiki, sai na ji an ce, "Kai dogo, a garinku ba a gaisuwa ne?"

Na waiwaya. Wani tsoho ne gajere mai faɗin ƙirji, zaune a bakin ƙofa, takalmi a cinyarsa, ƙananan ƙusoshi a bakinsa. Maganar ta yi mini zafi, ta kuma ba ni dariya. Ni Lawali da na tashi a Maraɗi, yau ni ake koya wa gaisuwa. Zaman Madrid ne ya ɓata ni, don a can in ka gai da wanda bai san ka ba sai ya dafe aljihunsa. Na dawo na tsaya a gabansa, na tattara ɗan Sifaniyancin da na iya, na gaishe shi irin ta gida. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi iyali, da aiki, da gajiya, da sanyi.

Ya zare ƙusoshin daga bakinsa, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Gaisuwa na ce, ɗana. Ban ce ka yi mini tambayoyin 'yan sanda ba."

Sunana ya gagari harshensa, sai ya mai da shi Lalo, gari kuma ya ɗauka.

Gyaran takalmi ne sana'arsa. Shagon ɗaki ne guda a ƙasan gidansa, a kan titin da ya gangara zuwa dandali, amma ban taɓa ganin ya yi aiki a ciki ba. Kujerarsa kullum rabi a ciki rabi a waje, kuma ba wanda zai wuce bai samu rabonsa ba. Idan motar burodi ta iso tana danna oda, mata suka fito da silifas, sai ya ce wa direban ya ajiye masa na jiya, zai yi wa takalmi dunduniya da shi. Idan lasifikar ofishin magajin gari ta sanar cewa mai kifi ya iso dandali ko an tsinci makullin wani, sai ya ɗaga murya ya gyara mata bayani. Da rana kowa ya sauke labulen tagarsa, titin ya yi tsit. Rana na yin sanyi a fara jin ƙarar jan kujeru, maƙwabta su jeru a bakin ƙofofi. Matarsa Casilda, wata doguwa siririya da ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ita ta fara fito mini da kujera. Ba ta ce in zauna ba. Ajiyewa ta yi ta ci gaba da saƙarta.

A wannan zama na ji tarihinsa. A garin aka haife shi, amma yana saurayi ya tafi Jamus aikin masana'anta.

Ya ce mini, "Ni ma na yi baƙunta, Lalo. Sai in wuni ba wanda ya kira sunana. Ran Lahadi nakan ɗauki begilata in shiga ƙarƙashin wata gada in yi ta busa, don in ji wani abu ya amsa mini."

Begilar nan ita ce rabin ransa. Tun yana ƙarami yake cikin 'yan badujalar gari, masu fita da kiɗa duk ranar biki. Da ita ma ya nemi aure. A cewarsa, da ya dawo daga Jamus ya tsaya ƙarƙashin tagar su Casilda yana busa, sai mahaifinta ya sheƙo masa ruwan wanke-wanke.

Casilda ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ba Baba ba ne. Ni na zuba. Na sha gaya masa, ya ƙi yarda."

Ya ce, "Ƙarya take. Tana bayan labule tana kuka don daɗi."

"Kuka kam na yi. Kunnena ne ya kusa fashewa."

Haka suke, kuma haka muka yi shekaru. Ya koya mini sunan kowa a titin da wanda ba ya magana da wane. In mun shiga gidan shan kofi na dandali, kafin in buɗe baki ya ce wa mai wurin, "Ni ka san abina. Shi kuma kofi da madara, jariri ne."

Abin ya same shi ne a ƙarshen wani hunturu. Casilda ta wanke dakalin ƙofa da sabulu kamar yadda kowace mace a titin ke yi da safe. Shi kuma ya fito yana kallon sama, don shamuwa sun dawo sheƙarsu a kan hasumiyar coci kuma yana so ya riga kowa faɗa. Santsi ya kwashe shi, bakinsa ya bugi dutse. Haƙoransa na gaba suka tafi. Aka yi masa na roba, suka zauna da kyau, har mata suna tsokanarsa wai ya koma ango. Amma da ya kafa begila a baki, iska ce kawai ta fito, kamar taya ta sace. Ya gwada da haƙoran, ya gwada babu su. Ya ba abin lokaci ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya naɗe ta cikin tsumma, ya ja kujerarsa ciki ya tura ƙofa.

Titin ya canza. Direban burodi yakan danna oda ya ɗan jira, ba wanda ya zage shi, ya tafi jiki a sanyaye. Masu kawo gyara su miƙa wa Casilda takalmi ta taga. Na shiga wurinsa sau da yawa, sai in tarar da shi yana aiki a ƙarƙashin fitila da rana tsaka. Ya ce, "Lafiyata lau. Je ka abinka." Casilda kuwa ta daina wanke dakali. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ana cikin haka bikin gari ya matso, 'yan badujala kuma sun ragu, don samari duk sun tafi birni. Mai buga babbar ganga ma ya koma wurin 'yarsa a Sevilla. Shugabar 'yan badujalar, Obdulia, malamar makaranta ce mai kaifin ido. Ta taɓa ganina ina kaɗa yatsu a kan tebur, sai ta tare ni a kasuwar ranar Alhamis, ina zaɓen tumatir.

Ta ce, "Lalo, kana da hannu, kana da ƙarfi. Ka zo da yamma."

Na ce ban taɓa buga irin gangarsu ba. Ta ce ba wuya, ɗaya biyu ne kawai.

Ɗaya biyun nan ita ta gagare ni. Hannuna ya saba da kiɗan gida, in na buga ɗaya sai ya ƙara wasu ƙanana a tsakani ba da izinina ba. Masu busa su rikice, na baya su taka na gaba. Obdulia ta yi ta cewa, "Tafiya za mu yi, Lalo, ba rawa ba." Da ta ga a ɗaki abin ya ƙi, ta ce mu fita titi, ko ƙafa za ta koya wa hannu. Muka biyo gangaren muna tafe muna ɓata waƙa, mutane a kan kujerunsu suna dariya har da share hawaye.

Muna daidai shagon sai ƙofa ta buɗe. Kawu Nicanor ya fito da silifas, bai ko tsaya sa haƙoransa ba.

Ya ce, "Wa ke kashe gangar nan?"

Kowa ya nuna ni.

"Ai na sani. Ba ni nan." Ya fizge sandar daga hannuna, ya buga sau ɗaya, ya saurara, ya sake bugawa. Masu busa suka shiga da kansu, waƙar ta miƙe tsaf. Ya buga har ƙarshe, gangar tana rataye a ƙirjina, ni kuwa na ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka kama.

Obdulia ta ce, "To, Kawu, ganga ta samu mai ita."

Ya ce, "Da wane bayan? Ko buhun albasa ba na iya ɗauka."

Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta kwance maɗauran, ta juya ni, ta goya mini gangar a baya. Ta ce, "Shi ya ɗauka, kai ka bi shi kana bugawa."

Casilda tana tsaye a ƙofa. Ta miƙo masa haƙoransa a cikin kofi ta ce, "Sa waɗannan tukuna, tsoho, kada ka tsorata mutane."

Ranar biki muka fito da hantsi don zagayen tashin gari. An rataya ƙananan tutoci daga taga zuwa taga. Ina gaba da ganga a baya, yana biye da farar riga da hular 'yan badujala, duk bugun da ya yi sai na ji shi har cikin haƙarƙarina. A kowace kusurwa mata sun fito da faranti, wannan soyayyen ƙullu da sukari, waccan kankana. Hannuna ba komai, don haka ni na fi kowa ci. Da muka zo gangaren dandali nauyin gangar ya tura ni, ƙafata ta ƙara sauri, sai na ji kiɗan ya tsaya. Na waiga, ga Kawu can a baya yana gudu da sanda a sama yana cewa, "Tsaya, jakin banza, ka tafi mini da aiki." Dandali ya ɗauki dariya. Kafin azahar sunana ya koma Jakin Nicanor. Na nuna masa ban ji daɗi ba, ya ce in gode wa Allah, danginsa tun daga kakansa Kwaɗi ake kiransu, kuma ba wanda ya san dalili.

Da yamma akwai zagayen da suke yi da mutum-mutumin waliyyinsu. Kafin in ce komai shi ya riga ni. Ya ce, "Wannan namu ne, ɗana, je ka huta." Suka ɗaure gangar a kan keken cefanen Casilda, ita ta ja, tana tafe tana yi masa faɗa a hankali cewa zai karya mata taya.

Washegari kujerarsa ta dawo bakin ƙofa, dakali ya sha sabulu, direban burodi kuma ya sha zagi har ya tafi yana murmushi.

A shekarar da ta biyo baya takardun matata Saude suka fito. Na gaya wa Kawu ranar da za ta iso, ban san na yi ganganci ba. Na je dandali in tarbi motar da za ta kawo ta, sai na tarar da 'yan badujala a jere cikin fararen riguna, rabin titinmu a bayansu. Kafin in yi gardama an goya mini ganga. Motar ta tsaya, Saude ta sauko da jakarta tana neman fuskata, kiɗa ya tashi. Na yunƙura zan je wurinta, Kawu ya riƙe maɗaurin ta baya.

Ya ce, "Ba inda za ka sai waƙa ta ƙare."

Casilda ce ta je ta karɓi jakar, ta sumbace ta a kumatu biyu, ta kama hannunta ta kawo ta gabana. Saude ta dube ni, ta leƙa bayana ta ga tsohon da ke dukan ganga da iyakar ƙarfinsa, ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ta ce da Hausa, "Malam, wannan ne aikin da ka ce kana yi a Turai?"

Kawu ya leƙo ta gefen ganga ya tambaye ni me ta ce. Na ce masa ta ce ya iya kiɗa. Ya gyara hularsa, ya yi wa Obdulia alama a sake waƙar daga farko.