Bijimin da Bai Je Kara Ba

Shekara talatin na yi ina koyarwa a Wudil, kuma duk ranar da kalmar Turancin nan, disirofshan, ta fito a takardar ofis, to ɓarna aka yi. Ko dai ɗalibai sun tayar da tarzoma, ko gada ta cushe malamai sun makara. Sai ga babban ɗana ya dawo daga jami'a yana faɗinta da fara'a, wai yanzu yabo ce, ana nufin ka rushe tsohuwar hanya ka kawo sabuwa.

A kan bijimin da na yi wata bakwai ina kiwo ya gwada ta. Ranar Juma'a na kira dillalin da ya saba kai mini dabba Kara, sai ɗan nawa ya tare ƙofa.

"Baba, zamanin dillali ya wuce. A waya za mu sayar."

Ya ɗauki hoton bijimin gaba da baya. Juma'a uku ta wuce, dabba na cin dusa, ni ina cizon yatsa. Daga ƙarshe wani mutumin Dagumawa ya zo, ya buɗe bakin bijimin ya duba haƙora, ya shafa tozo, sannan ya tambaya wane dillali ne zai tsaya masa cewa ba na sata ba ne. Ni, a ƙofar gidana!

Da ya tafi na ce wa ɗana, "Maza je ka ba dillalin nan haƙuri. Mu a makaranta, duk wanda ya yi abin nan da kake yabo, bulala shida muke yi masa."